Hayaƙin Sama da Sanyinsa: Faɗakarwa a kan Gizagizan da Manyan Taurari ke Fitowa Cikinsu

Yabo da godiya na Allah ne, Mahaliccin abin da ido ke gani da abin da ido ya gajiya ga gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar tsayuwa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, wanga bayani a kan duhu ne da sanyi. Duk wanda ya kwana waje a ƙasar Adar cikin damina, daren da ruwa ya wanke sama kuma babu farin wata, ya san farar hanyar nan da ke ratsa sararin samaniya, wadda Larabawa ke kira Majarra. In ya tsananta dubawa zai ga daga wajen taurarin Kunama, watau Aƙrabu, hanyar ta rabu biyu, da wani baƙin kwari a tsakiyarta kamar inda ƙorama ta ci gona. Mutanen Barmu da Takanamat da Tabalak, waɗanda fitilun lantarki ba su kashe wa dare ba, sun fi mu mazauna birnin Tawa ganin wannan kwari. A shekarar 1784 wani masanin taurari na Ingila, William Herschel, ya kai madubinsa na hangen nesa wajen Kunama, ya tarar da wani fili baƙi ƙirin babu tauraro cikinsa, sai ya ɗauka rami ne a jikin sama. Anka yi shekara fiye da 100 ana kan wannan zato. Sa'an nan wani Ba'amurke, Edward Barnard, ya yi shekaru yana ɗaukar hoton irin waɗanga wurare, a 1919 ya fitar da jerin 182 daga cikinsu, ya karkata ga cewa wani abu ne ya tsaya tsakaninmu da taurarin da ke baya. A 1930 Robert Trumpler ya tabbatar da cewa akwai ƙura shimfiɗe tsakanin taurari tana rage haskensu, kamar yadda hazon hunturu ke dusashe rana har mutum ya iya kallonta da tsakar rana. Ashe ramin cike yake, gajimare ne.

Abin da ya sa na ɗauko wagga magana shi ne, na ga mutanenmu sun kasu biyu a kanta. Wasu samari, galibi 'yan lise da ɗaliban jami'a, da zarar sun ga hoton irin wanga gajimare a waya sai su ɗora masa aya ta 11 ta Suratu Fussilat, inda Allah ya ba da labarin sama tana hayaƙi, su ce ga hayaƙin nan an ɗauko hotonsa, magana ta ƙare. Wasu dattawa kuwa, da sun ji an ambaci taurari sai su tuna da masu duba da bokaye, su ce wannan ilmi ba shi da albarka, har a samu uba ya ƙi yarda ɗansa ya bi sashen kimiyya. Ba a yin hukunci a kan abin da ba a sani ba. Don haka sai mu fara da sanin abin, sa'an nan mu komo ga ɓangarorin biyu.

Ku sani, waɗanga gizagizai ba a auna su da kilomita. Ana auna su da tafiyar haske. Haske na cin kilomita 300,000 cikin sakan guda, watau ya je Yamai daga Tawa ya komo sau fiye da 250 kafin ka gama faɗin kalma ɗaya. Manyan gizagizan sai haske ya yi shekara 100 ko fiye kafin ya ƙetare su, kuma nauyin ɗaya na iya kai na rana sau dubban ɗaruruwa, har miliyan. Duk da haka sun fi iskar da muke shaƙa rauni nesa ba kusa ba. Wurin da bai wuce girman kan ɗan yatsa ba, in a iskar ɗakinka ne, ƙwayoyin da ke ciki lissafinsu 25 ne da sifili 18 a gabansa. In a tsakiyar gajimaren ne, inda ya fi kauri, daga 10,000 ne zuwa miliyan ɗaya. Faɗinsa ne ya sa ya toshe haske, kamar yadda hazo ba ya hana ka ganin hannunka amma ya ɓoye maka dutsen da ke bayan gari.

Sanyinsa kuwa, Subhanallah. Mu nan in ma'auni ya sauka wajen digiri 15 da asuba a watan Janairu, sai ka ga sahun sallar asuba ya ragu, kowa ya ƙudundune cikin bargo. Ruwa na daskarewa a sifili. Cikin wanga gajimare ma'auni na nuna 263 ƙasa da sifili, alhali iyakar sanyi duka, wanda babu na ƙasa da shi, 273 ne ƙasa da sifili. Digiri 10 kaɗai ya rage ya kai ƙarshe. A hankalce mutum zai ce irin wannan wuri matacce ne, babu abin da ke aukuwa cikinsa. Haka masana kansu sunka zata har tsakiyar ƙarni na 20.

Mai tambaya zai ce, ta ƙaƙa anka san abin da ke cikin wurin da babu wanda ya je? Tambaya ce mai kyau, kuma Musulmi ya fi kowa cancantar yinta, don an hore mu da neman hujja. Amsar tana ga rediyon da ke rataye a wuyan makiyayi. Kowace tasha tana da mitarta: wagga a kan mita 25, waccan a kan 31, ba ka ganin mai magana amma ka san ko wane ne saboda inda allura ta tsaya. To, Allah ya halicci komai daga ƙananan ƙwayoyin zarra, kamar hidrojen da oksijen da karbon da azot. In biyu ko fiye sunka haɗu sunka riƙe juna, 'yan makaranta na kiran haɗin molekil. Ruwa, misali, hidrojen 2 ne da oksijen 1. Kowane molekil yana juyawa kamar katantanwar yara, in ya rage gudu sai ya saki ɗan haske irin na rediyo a kan zango sananne wanda ba ya sākewa. Ana fara auna zangon nan a ɗakin gwaji a duniya, sa'an nan a juya babban faranti, irin parabol amma mai faɗin fili, a saurari sama. In an ji murya daidai kan wannan zango, da sauran zangunan da ke tafiya tare da shi, an san mai maganar. Ta wannan hanya anka ji amoniya a 1968, anka ji ruwa a 1969 a kan zangon santimita 1.35. A 1970 Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias sunka ji haɗin karbon 1 da oksijen 1 a kan zangon milimita 2.6. Yau abin da anka tantance ya haura iri 300.

Bari in tsaya kaɗan a kan wanga na 1970, don ya shafi rayukanmu. Shi ne gubar da ke fita daga gawayi in yana ci cikin ɗaki rufe. Ba shi da wari, ba shi da launi, yana sa barci mai nauyi da ciwon kai, wani ba ya farkawa. Da shi masana ke zana taswirar gizagizan sama, don muryarsa ta fi ta saura ƙarfi. Mu kuwa abin da ya wajaba gare mu, in ɗari ya tsananta, kada a kwana da kaskon wuta cikin ɗaki an toshe ƙofa da taga, musamman inda akwai jinjiri ko maijego. Tsare rai wajibi ne.

Yanzu ga zuciyar al'amarin. Mafi yawan gajimaren hidrojen ne, sai heliyom. Ƙura ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, ƙwayoyinta na dutse ne da na gawayi, ƙanana ainun, sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi guda. Girmansu ɗaya da na ƙwayoyin hayaƙin murhu. Amma wagga 'yar ƙura ita ke riƙe da aikin duka. Da farko ita ce rumfa: tana tare hasken taurari mai ƙuna, wanda in ya faɗa kan molekil sai ya tsinka shi. Sa'an nan ita ce dillali. Ku dubi kasuwar bisashe ta Tawa ran Lahadi. Mai raƙumi da mai saye in an bar su su biyu, kowa da zafin kansa, ba a jimawa sai su rabu ba ciniki. Sai dillali ya shiga tsakani, ya sha zafin wanga, ya sha zafin wancan, har a ce albarka. Haka ƙwayoyin hidrojen biyu suke in sun yi karo a fili: zafin da haɗuwarsu ta haifar ba shi da inda zai tafi, sai ya sake raba su. In kuwa a bisa ƙwayar ƙura sunka gamu, ƙurar ta shanye zafin, su kuma su riƙe juna su tashi tare.

Saboda tsananin sanyi, kusan duk abin da ya sauka bisa ƙurar mannewa yake yi, kamar raɓa bisa ganye. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayar ƙura ɗaya na samun baƙo kamar ɗaya a yini. Yau oksijen ya sauka ya zauna. Gobe ko jibi hidrojen ya sauka, shi kuwa marar nauyi ne, yana iya rarrafe bisa ƙurar ko cikin wannan sanyi, har ya iske oksijen ya kama shi. Bayan kwanaki wani hidrojen ya zo ya cika na biyu. Ruwa ke nan ya samu, ƙwaya ɗaya tak, daskararre. Azot in ya tara hidrojen 3 ya zama amoniya, mai warin nan da ke tashi daga garke inda fitsarin dabbobi ya jima. Karbon in ya tara 4 ya zama metan, iskar da ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Gubar gawayin nan da munka ambata, in sanyi ya ƙaru ita ma ta daskare a bisa, hidrojen ya dinga hawanta ɗaya bayan ɗaya har 4, ta koma metanol. Ana haka, baƙo ɗaya a yini, shekara dubu ɗari, dubu ɗari biyar, har kowace ƙwayar ƙura ta yafa rigar ƙanƙara mai ninki wajen 100. Babu gaggawa cikin wanga aiki ko kaɗan, kuma babu wanda ke kallo sai Mai shi.

Wannan bai tsaya ga lissafin takarda ba. A 2002 wasu masana biyu a jami'ar Hokkaido ta Japan, Watanabe da Kouchi, sun sanyaya wani faifai a ɗakin gwaji har wannan mizani, sunka daskarar da gubar gawayi a kansa, sunka yi ta watsa masa hidrojen, metanol ya fito. Madubin James Webb, wanda anka harba sama ran 25 ga Disamba 2021, ya leƙa ta cikin wani baƙin gajimare a ɓangaren taurarin da ake kira Hawainiya, a Janairu 2023 anka bayyana cewa ya ga alamun ƙanƙarar ruwa da amoniya da metan da metanol, kowanne a inda ake jiransa.

To, ina taurari cikin wannan? Allah ya sanya jan juna tsakanin jikkuna, shi ke mayar da dutse ƙasa in ka jefa shi. Gajimare na son ya tattaru saboda nauyin kansa, zafi na son ya watsa shi. Molekil ɗin nan da ƙurar su ke fitar da zafin waje a hankali, kamar yadda randa ke gumi ruwan cikinta ya yi sanyi, har nauyi ya rinjaya. Sai wani sashe ya fara rubzawa cikin kansa, tsakiyarsa na matsuwa tana zafi, har ta kai digiri miliyan 10, wutar tauraro ta kama. Sai an yi sanyin nan tukuna ake samun wutar.

Taurari ba ɗaya suke ba. Wanda nauyinsa ya kai na rana sau 8 ko fiye shi ake ce wa babba, kuma irinsu ba su kai 1 cikin 100 ba. Mahaifarsu ita ce mafi duhu da kauri cikin gizagizai. Sai a 1996 da 1998 anka fara ganin waɗanga mahaifai sosai, da na'urori biyu da ke kewaya duniya masu ganin hasken ɗumi wanda idonmu ba ya kamawa. Ko cikin wannan haske baƙaƙe sunka fito, dogaye kamar igiya. Babban tauraro in ya kama cikin irinsu, sai ya ɗumama abin da ke kewaye da shi. Da ma'auni ya hau zuwa wajen 173 ƙasa da sifili, wanda a can zafi ne, rigar ƙanƙarar nan ta tashi tururi, duk abin da anka tara cikin duhu tsawon zamunna ya fito fili lokaci guda, farantan duniya su ji muryoyinsa. Shi ya sa mafi yawan abin da anka sani game da wanga ilmi daga gefen manyan taurari jarirai anka samo shi.

Mafi kusa da mu cikin irin waɗanga wurare yana cikin Jauza'u, taurarin hunturu, waɗanda 'yan'uwanmu Buzaye ke kira Amanar. Malamanmu masu lissafin manzilolin wata sun san Haƙ'a, to ita ce kan Jauza'u. Har gobe sunayen da Turawa ke kiran taurarinsa na Larabci ne da harshensu ya karya: Rigel daga rijlu ne, ƙafa, Mintaka daga minɗaƙa, ɗamara. Ƙarƙashin taurari uku na ɗamarar akwai gajimare mai haske, nisansa tafiyar haske ta shekara wajen 1,300, watau hasken da ke shiga idonka yau ya baro can tun ƙarni na farko ko na biyu na Hijira. Tauraron da ke haskaka shi ya fi rana nauyi sau 30, ya fi ta haske sau fiye da 100,000. Bayansa akwai wani dunƙule ɓoyayye da anka gano a 1967, inda manyan taurari ke kan fitowa. A 1998 anka auna tururin ruwan da ke samuwa a wannan wuri, inda iskar jariran taurari ke dukan gajimaren, anka ƙiyasta ya isa ya cika tekunan duniya sau 60 cikin yini guda. Mu da ke jan guga gaba 30 ko 40 a rijiyoyin arewa mu yi tunanin wannan. A nan anka ji haɗin fosfor da azot a 1987, fosfor ɗin nan da ke cikin dutsen fosfat na Tawa da ake niƙawa a zuba a gona. A nan kuma, a 2019, farantan ALMA 66 da ke bisa tudun Atakama na ƙasar Cile, mita 5,000 bisa teku, sunka ji gishiri, irin wanda ayari ke ɗaukowa daga Bilma, yana tururi kewaye da wani babban tauraro jariri.

Wanda ya fi shi wadata yana can wajen tsakiyar Majarra, arewa maso gabas da wutsiyar Kunama, nisan shekara wajen 27,000. Sunansa a littattafai Sagittarius B2, nauyinsa kamar rana miliyan 3. A cikinsa anka ji abin da ke sa maye cikin giya a 1975, da tsamin binegar a 1997, da wani ƙaramin dangin sukari a 2000, da ure a 2019, takin nan fari da masu albasa na Galmi ke saye da tsada. Kada wani mai ba'a ya ce ashe giya na sama. Haramcin yana ga ɗan Adam ya sha abin da zai gusar masa da hankali. Ita kuwa ƙwayar halitta ce cikin halittu, tana inda anka ajiye ta. Ko nan Afirka ta Yamma ana wanga saurare: a Kuntunse, kusa da Ankara ta Gana, an mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 na sauraren sama, anka buɗe shi a Agusta 2017, kuma cikin abin da ya fara ji har da wata ƙaƙƙarfar muryar metanol wadda ba a samunta sai inda babban tauraro ke fitowa.

Babban tauraro ba ya tsawon rai. Rana an ƙiyasta mata shekara miliyan 10,000, shi kuwa 'yan miliyoyi kaɗan ya ƙone guzurinsa. A cikinsa ake ƙera oksijen da silikon da sauran ƙwayoyi masu nauyi har zuwa ƙarfe, sa'an nan ya fashe ya watsa su. Irin wagga fashewa ce likitan nan na Bagadaza, Ibnu Buɗlan, ya gani a 1054. Abin da ya watsu shi ke shiga wani gajimare ya zama ƙurarsa.

Mu mutanen Tawa muna da shaida a hannu. Ran 21 ga Agusta 1991 wani dutse mai nauyin kilo 110 ya faɗo daga sama kusa da Dutsen Tazerzait, can arewa ƙwarai, kuma da sunan ƙasar Tawa anka rubuta shi cikin kundin duwatsun sama na duniya. Irinsa ya girmi kowane dutse na Adar, don ragowa ne daga ƙurar da rana da duniya sunka samu daga gare ta, shekara wajen miliyan 4,560 da sunka wuce. Shi dai ya sha zafi tun farko, babu ƙanƙara tare da shi. Amma cikin wani ɗan'uwansa da ya faɗi a Mesiko a 1969, an samu a 1976 sawun wani irin alminiyom mai saurin ƙarewa, wanda rabinsa ke gushewa cikin shekara wajen 700,000. Mafi yawan masana na ganin wannan alama ce cewa akwai babban tauraro kusa lokacin da anka halicci rana, shi ya zuba mata wannan abu da ɗuminsa. A Satumba 2023 wani jirgi marar matuƙi ya komo da giram 121 na ƙasar wani dutse mai yawo a sama, Bennu. A Janairu 2025 anka bayyana cewa akwai amoniya mai yawa a ciki, da gishiri, da dangin kanwa, wagga da muke ba bisashe muke sa wa a miya.

Sai ruwa. Hidrojen iri biyu ne, marar nauyi da mai nauyi. A asalin halittar sama mai nauyin kamar 1 ne cikin 40,000. A ruwan teku kuwa 1 ne cikin 6,400, ya ninka sau da yawa. Abin da anka sani yana tara mai nauyin cikin ruwa haka shi ne sanyi mai tsanani irin na gizagizan nan. A kan wagga hujja wasu masana a 2014 sunka lissafa cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan duniya ƙanƙarar gajimare ce da ta riga rana samuwa, ta iso ba ta warware ba. A 2023 anka auna ruwan da ke kewaye da wani jaririn tauraro cikin Jauza'u, sakamakon ya ƙarfafa wannan. In haka ne, wani kaso na ruwan tabkin Tabalak, da na butar alwalarka, bisa ƙwayar ƙura anka haɗa shi, baƙo ɗaya a yini.

Yanzu mu komo ga samarinmu. Ya ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, amma ka yi hattara. Masu Tafsirul Jalalaini sun fassara hayaƙin ayar da tururi mai tashi bisa, ba su ƙara ba. Likitan nan Bafaranshe, Maurice Bucaille, cikin littafinsa na 1976 wanda ya yaɗu ƙwarai tsakanin masu karatun Faransanci a ƙasarmu, ya karkata ga cewa hayaƙin shi ne iska mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi. Na yarda kamar ta ba da mamaki, tun da ƙurar nan girmanta ɗaya da ta hayaƙi. Sai dai ayar tana magana ne a kan farkon gina sammai, su kuwa masu wanga ilmi da bakinsu suna cewa gajimaren Jauza'u na baya-baya ne. Ƙurarsa karbon ce da silikon da oksijen, waɗanda sai da wasu taurari sunka rayu sunka mutu kafin a same su. Iskar farko, shekara miliyan 13,800 da sunka wuce, hidrojen ce da heliyom, babu ƙura cikinta. Wanda ya nuna hoton ya rantse cewa shi ne abin da ayar ke nufi, ya faɗi abin da malaman tafsiri ba su faɗa ba, masana taurari ma ba su faɗa ba. Imamu Shaɗibi, Bamalike na Garnaɗa wanda ya rasu a 790 ta Hijira, ya yi gargaɗi cikin Muwafaƙat a kan ɗora wa Alƙur'ani kowane ilmi da zamani ya zo da shi. Abin sha'awa, a bisa dutsen da ke kallon garinsa akwai faranti mai faɗin mita 30 da ya yi shekaru yana sauraren Sagittarius B2. Herschel ya ce rami, na bayansa sunka ce gajimare. Da wani ya ɗaure aya ga ramin, me zai ce wa jama'a a 1930? Abin da ya halatta ka faɗa shi ne: wanga abu da anka gani yana kusantar mana da ma'anar hayaƙi, yana nuna mana cewa fitar da haske daga hayaƙi al'ada ce ta Ubangiji da ke gudana har yanzu, haƙiƙanin abin da ya nufa kuwa shi ya fi sani. Suratul Kahfi ta faɗa mana ba a kira kowa shaida ba ranar halittar sammai, Suratul Ankabut kuma ta umurce mu da tafiya cikin ƙasa mu dubi yadda halitta ta fara. Duka biyun namu ne.

Haka kuma kada ka ruɗu da wanda zai ce maka tun da an samu kayan jikin mai rai a sama, ashe rai shi ya yi kansa. An samu tubali, gaskiya ne. Tubalin da anka zube a fili bai zama masallaci ba, kuma har yau babu ɗakin gwajin da ya haɗa waɗanga abubuwa ya fitar da ƙwayar rai guda.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, tsoronku yana da asali. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa hadisin Zaidu ɗan Halid, ranar da anka kwana ana ruwa a Hudaibiyya, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrabe tsakanin wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Abin da anka hana shi ne ƙudurta cewa tauraro na da iko bisa ruwa, ko aure, ko arziki, ko ajali. Amma malamai irin su Imamu Shafi'i sun bayyana cewa wanda ya ɗauki tauraro alamar lokaci bai fita hanya ba, kuma ku da kanku kuna lissafin Nasara da Ɗarfa don sanin tsakiyar damina, kuna neman alƙibla da taurari a daji. Wanga ilmi da munka zayyana ma shi ne babban mai rushe kasuwar mai duba, don yana nuna tauraro abin halitta ne, an haife shi cikin ƙura, yana cin guzurinsa, zai mutu. Wanda bai iya tsare kansa daga fashewa ba, ina zai iya zaɓa wa 'yarka miji? Babbar jami'armu ta Yamai sunan masanin kimiyya take ɗauke da shi, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ƙare rayuwarsa a 1991 yana binciken yadda za a amfana da hasken rana. Yaron da Allah ya buɗe wa lissafi, a bar shi ya bi, a haɗa masa da allo da Ahalari da Ishmawi, a sa masa albarka.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya jira watan Janairu, daren da hazo ya kwanta kuma wata bai fito ba. Bayan isha'i ya fita bayan gari inda babu fitila, ya fuskanci tsakanin gabas da kudu. Zai ga taurari uku jere daidai, ita ce ɗamarar. Gefenta ta kudu akwai wasu ƙanana uku rataye; na tsakiyarsu ba ya da kaifi kamar saura, ya yi dishi-dishi kamar ɗigon nono bisa baƙin zane. In da mai tabaron hangen nesa irin na sojoji ko na masu gandun daji, a ara, zai fito sarai. Kafin sha ɗaya na dare ya hau can bisa ta wajen kudu. A tafi da yara, a yafa musu abin ɗari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rijiyoyinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.